Sarkin Musulmi Attahiru I: Mutumin da Ya Ga Ƙarshen Duniyarsa

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1945, lokacin da Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan, masu shirya finafinai suka shiga fito da wani irin fim wanda ke kwatanta yadda duniya za ta kasance bayan wata babbar halaka ta auka mata. Alal misali, a fim ɗin On the Beach na 1959, mutanen Ostireliya ne suka yi saura bayan yaƙin nukiliya, suna zaune suna jiran gurɓatacciyar iska ta iso ta gama da su. A Mad Max 2 na 1981, doka da sarauta sun gushe, 'yan tsirarun da suka rage suna kashe juna a hamada saboda man fetur. A The Road na 2009 kuwa, uba ne da ɗansa suke tafiya a ƙasa cikin toka da yunwa, suna ɓuya daga sauran mutane. Duk finafinan nan tambaya guda suke yi, watau me mutum zai yi idan tsarin da ya tashi a cikinsa ya rushe a gaban idonsa, kuma gobe ba ta da alamar alheri?

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙasar Hausa ta taɓa fuskantar wannan tambaya a zahiri, kuma ta ba da amsarta. Za mu yi haka ta hanyar bin rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru I, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya ga faɗuwar daular Sakkwato a 1903, ya ɗauke ta a matsayin alamar ƙarshen zamani, ya kuma ja dubban jama'a zuwa gabas.

Asalinsa da Gidan da Ya Fito

Muhammadu Attahiru ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu ne, shi kuwa Ahmadu ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kakansa Atiku ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842, ya rasu a Katuru, cikin ƙasar Shinkafi ta yau, a kan hanyarsa ta dawowa daga yaƙi da Gobirawan Tsibiri. Wannan ne ya sa har yau ake ce masa Atiku Mai Katuru. Mahaifinsa Ahmadu ya riƙe sarauta daga 1859 zuwa 1866, kuma mazauninsa shi ne ribaɗin Cimmola, arewa da Sakkwato. A wannan yanki na bakin iyaka, inda kullum ake zaune cikin shirin harin Gobirawa da Azbinawa, Attahiru ya yi zamansa kafin sarauta ta zo masa. Ɗan'uwansa Muhammadu Maiturare, wanda ya riƙe sarautar Marafa, shi ya kafa Gwadabawa a wannan yankin.

Gidan Atiku ya yi suna wajen tsanani a kan addini da riƙe al'amuran ɓoye, har ana cewa Atiku ne Shehu ya bar wa asiransa. Cikin abubuwan da zuriyar Shehu ta gada har da wani tunani game da gobe, wanda dole mu tsaya a kansa kafin mu fahimci abin da Attahiru ya aikata.

Gobe a Idon Mutanen Jihadi

Malaman jihadi sun yi imani cewa a ƙarshen zamani suke raye. Sun karanta Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya yi hasashen cewa wa'adin wannan al'umma ba zai wuce shekara 1500 bayan Hijira ba. Shehu da kansa ya wallafa littattafai a kan alamomin tashin ƙiyama da sha'anin Mahadi, kuma ya fito fili ya musanta zancen masu cewa shi ne Mahadin. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙin wa'azi a kan wannan jigo, waɗanda mata suka riƙa haddacewa. Hoton da waɗannan rubuce-rubuce suka zana mai duhu ne ƙwarai: fari da yunwa, zalunci ya yawaita, ilmi ya gushe, amana ta yi ƙaranci, fitina ta bi gari gari. Bayan haka kuma ga abin da aka ruwaito daga Shehu, cewa a ƙarshe jama'arsa za ta tashi ta nufi gabas, wajen Kogin Nilu, ta sadu da Mahadi ta yi masa mubaya'a.

Ba a ɗauki wannan magana da wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama na Adamawa, ya umarce shi da ya sa ido a kan hanyar Wadai da Darfur domin jin labarin bayyanar Mahadi. Daga baya mutane suka yi ta tashi ƙungiya ƙungiya suna yin gabas, har sai da Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano tana bayyana cewa lokacin ƙaura bai yi ba tukuna. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana a Sudan a 1881 ya ce shi ne Mahadi, ya kuma ci Khartum a 1885, sai wani jikan Bello, Hayatu ɗan Sa'idu, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Sakkwato dai ba ta yarda da wannan da'awa ba, amma ba ta daina sauraron ranar da aka yi alkawari ba.

Shekarun da Alamomi Suka Taru

Shekaru goma sha biyu da suka gabaci sarautar Attahiru sun zo da masifu a jere, irin waɗanda mai karanta littattafan wa'azi zai ga kamar fassararsu ake yi masa. A 1890 da 1891 ciwon bushiya ya ratsa ƙasar ya share garken shanu, Fulani da yawa suka wayi gari ba ko ɗan maraƙi. A 1891 Sarkin Musulmi Umaru ya rasu a Ƙauran Namoda yana kan hanyar yaƙi, aka naɗa Abdurrahman ɗan Atiku, baffan Attahiru, wanda tsananinsa ya sa aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko. A 1892 rundunar Sakkwato ta sha kashi a Argungu. Daga 1893 zuwa 1895 Kano ta yi yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa. A 1893 ɗin dai Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa, birnin da ake ganin ba mai iya taɓa shi.

Daga nan sai Nasara suka kunno kai ta kowace kusurwa. A 1897 sojojin kamfanin Ingila mai ciniki a Kogin Kwara suka ci Bida da Ilorin. A 1899 wata rundunar Faransa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta bi ta arewacin Sakkwato tana ƙona garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙwanni kisan gilla. A 1900 Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya yi shelar cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila. Kwantagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauci da Zariya suka shiga hannu a 1902, aka kuma girke sojoji a Argungu, tafiyar 'yan kwanaki daga Sakkwato. Cikin wannan hali ne Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902.

Sarautar Wata Biyar

Masu zaɓen sarki suka naɗa Attahiru, suka bar takwaransa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba na gidan Bello. In aka fara ƙirga daga Shehu, shi ne Sarkin Musulmi na 12. Abin da ya tarar a gabansa shawara ce guda mai rassa uku: ko a yi yaƙi, ko a nemi sulhu, ko a yi hijira. Alƙali Abdullahi ya rubuta takarda yana kafa hujja cewa idan Musulmi ba su da ƙarfin tunkuɗe abokan gaba, to hijira ta wajaba a kansu, domin bai halatta su zauna a ƙarƙashin hukuncin wanda ba Musulmi ba. Sarkin Kano Alu ma ya rubuta wa Waziri Buhari cewa bai ga wata dabara da ta fi barin ƙasar ba. Zuciyar Attahiru ta karkata ga wannan ra'ayi, har aka fara tanadin dabbobin tafiya. Amma waɗansu manya suka ga cewa ba shi yiwuwa a kwashe ƙasa ɗungum, da tsofaffi da mata da yara, a bar hubbaren Shehu ba tare da an ko ɗaga takobi ba. Ana cikin wannan ja-in-ja lokaci ya ƙure.

Ƙasar Zamfara ta ga abin da ya biyo baya da idonta. Alu ya zo Sakkwato yin mubaya'a tare da dakarunsa, yana can Turawa suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. A kan hanyar komawa, a Birnin Goga kusa da Ƙauran Namoda, Alu ya sulale da dare ya bar rundunarsa ya yi arewa, inda daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir. Rundunar ta rabu biyu: Wambai Abbas ya ja wani sashe ya koma Kano ya miƙa wuya, Waziri Ahmadu kuwa ya gwabza da Turawa a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, ya yi shahada a can. Rundunar Janar Kemball da Kanar Morland ta bi ta Ƙaura, kuma daga nan Morland ya aika wa Attahiru da takarda yana sanar da shi zuwansu.

Ran 15 ga Maris 1903, 'yan kwanaki bayan Sallar Layya, aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Attahiru ya fito da kansa, tare da Marafa Maiturare da Sarkin Raba Ibrahim, kowanne da nasa sashe na runduna. Dawaki da masu da kibau ba su iya isa ga sahun da ke da igwa da bindiga mai ruwa ba, saboda haka yaƙin bai daɗe ba. Waɗansu 'yan tsiraru suka tsaya a gindin tuta, in ɗaya ya faɗi wani ya ɗauka, har aka gama da su. Kwana shida bayan haka Lugga ya naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba a matsayin Attahiru II, ya kuma bayyana cewa daga ranar ikon naɗa sarki da tuɓe shi da ɗora haraji ya koma hannun Ingila.

Hijira Zuwa Gabas

A nan ne hanyar manyan Sakkwato ta rabu. Waziri Buhari ya ja jama'a zuwa Marnona, daga can ya dawo ya yi sulhu da Turawa. Daga baya ya rubuta wa malamai takarda yana bayyana dalilinsa: Turawa sun yi alkawarin ba za su hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba, kuma idan shugabanni duka suka tafi, talakawan da ba su iya tafiya za su zauna ba mai tsare musu addininsu. Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu ya ƙarfafa masa guiwa a kan haka.

Attahiru kuwa ya nufi gabas. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya, yana kiran jama'a su bi shi zuwa Makka. Da farko Turawa sun ɗauka sarki ne tuɓaɓɓe mai gudun tsira da ransa, wanda ba abin da zai iya. Ba a jima ba rahotannin ma'aikatansu suka fara nuna wani abu dabam: manoma suna barin gonaki ana gab da shuka, masu sarauta suna barin kujerunsu, ƙauyuka suna zama kufai, hanya ta cika da mutane da jakuna da shanu da kayan ɗaki. Sarkin Misau Ahmadu ya bi shi, haka Etsu Nupe Abubakar wanda aka kora daga Bida, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashim da sauran mutanen Alhaji Umaru Futi waɗanda Faransawa suka koro tun daga yamma. Ga waɗannan mutane, faɗuwar birnin Shehu ita ce alamar da aka daɗe ana jira. Daular da ta fara da hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, ga shi shekara 99 bayan haka jikan ɗansa ya ɗaura niyyar wata hijirar.

Attahiru ya aika wa Turawa cewa shi ba yaƙi ya fito yi ba, hanya kawai yake nema ya wuce. Su kuwa sun ga cewa muddin yana raye yana tafe da tutar Shehu, sarkin da suka naɗa ba shi da cikakken iko, kuma ƙasar da suka ci za ta iya wayar gari ba manoma. Saboda haka suka sa ƙananan rundunoni suka bi sawunsa, aka yi ta arangama a hanya. Damina ta sauka, guzuri ya ƙare, waɗansu suka gaji suka juya gida, waɗansu suka mutu a daji. Sauran suka isa yankin Kogin Gongola, kusa da dutsen Bima wanda aka daɗe ana danganta shi da bayyanar Mahadi, suka shiga Burmi. Wannan gari mai ganuwa, wanda kufansa ke kusa da Bajoga a Jihar Gombe ta yau, mazaunin almajiran Malam Jibrilla Gaini ne, malamin Mahadiyya da Turawa suka kama a 1902.

Ran 13 ga Mayu mutanen Burmi suka kori rundunar Kyaftin Sword, ta koma Bauci da raunuka. Turawa suka sake shiri, suka dawo da ƙarfi ran 27 ga Yuli 1903. An yini ana gwabzawa, a bakin ganuwa da cikin lunguna, har shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, ya mutu da harbin kibiya mai dafi. A wannan rana aka kashe fiye da mutum 600 daga cikin masu hijira da mutanen gari, kuma Sarkin Musulmi Attahiru yana cikinsu. An ruwaito cewa an sami gawarsa a tsakiyar gawawwakin mutanensa kimanin 90 waɗanda suka ƙi rabuwa da shi. Turawa suka tafi da tutar, ba a mayar da ita Sakkwato ba sai a 1960, a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar III.

Abin da Ya Biyo Baya

Tafiyar ba ta tsaya a Burmi ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira, ya ratsa da su ta ƙasar Cadi da Wadai da Darfur, har suka isa Sudan. A wajen 1906 suka zauna kusa da Sannar, a gaɓar reshen Kogin Nilu wanda ya gangaro daga Habasha, garin ya ci sunansa, Mai Wurno. Abin mamaki, Sudan ɗin da suka isa ita ma tana hannun Ingila tun 1898, lokacin da aka murƙushe daular Mahadiyya a Omdurman. Jikokinsu suka zama manoma da malamai a can, da yawa suka yi aiki a gonakin auduga na Jazira, suna riƙe da Hausa da Fulatanci. Alfa Hashim kuwa ya isa Madina, ya zauna yana karantarwa har ƙarshen rayuwarsa. A gida, tunanin ƙarshen zamani bai kwanta nan da nan ba, domin a 1906 mutanen Satiru, kudu da Sakkwato, sun yi tawaye da sunan Mahadi, Turawa suka shafe garin baki ɗaya.

Kammalawa

Idan muka ɗora wannan tarihi a kan finafinan da muka ambata a farko, za mu ga kamanni a fili: garuruwan da suka zama kufai, ayarin mutane a kan hanya, yunwa, da makamin da ya fi ƙarfin jaruntakar mutum. Amma akwai bambanci mai muhimmanci. Mutanen waɗannan finafinai suna tafiya ne ba alƙibla, halakar da ta same su ba ta da ma'ana, kuma abin da ya rage musu shi ne kowa ya ceci kansa. Attahiru da jama'arsa su ma sun yanke ƙauna daga duniyar da suka sani, sai dai sun san inda suka dosa da dalilin tafiyarsu, domin littattafan magabatansu sun riga sun ba masifar suna da matsayi. Wannan ne ya sa suka tafi a matsayin jama'a mai liman da alƙali, har waɗanda suka tsira suka iya kafa gari a wata ƙasa.

Duk da haka, bai kamata mai nazari ya rufe ido ga tsadar wannan tunani ba. Duniya ba ta tashi a 1903 ba. Waɗanda suka bar gonakinsu suka mutu a hanyar Gongola talakawa ne mafi yawansu, kuma makarantun allo da na ilmi da kotunan alƙalai da suka ci gaba a ƙasar Hausa sun rayu ne a hannun waɗanda suka zauna tare da Waziri Buhari. Attahiru ya tsare mutuncin daular a ranar faɗuwarta, Buhari ya tsare abin da ya yi saura daga gare ta, kuma zai yi wuya a ce ƙasar za ta iya wadatuwa da ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Wannan muhawara ba ta tsufa ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya kai jihar Sannar a 2024, ya tayar da jama'a a yankin da jikokin masu hijira suka zauna. A ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda kuwa, ta'asar 'yan bindiga ta sa magidanta da yawa sun zauna sun yi irin shawarar da aka yi a fadar Sakkwato a 1902: a tsaya a kare gari, ko a nemi sulhu, ko a kwashe iyali a bar gona da kaburburan iyaye. Ɗalibin Hausa da ke son fahimtar yadda mutanensa ke tunani idan gobe ta yi duhu, ya kamata ya fara da waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 da takardun malaman Sakkwato na 1902 da 1903, domin a cikinsu aka auna hujjojin tafiya da na zama tun kafin a haifi masu shirya waɗancan finafinai. Allah Ya ji ƙan Sarkin Musulmi Attahiru da waɗanda suka kwanta tare da shi a Burmi, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.